Hanyoyin burji na keke a yankin Bretagne na Faransa

Yankin Bretagne da ke arewa maso yammacin Faransa yana da ɗaruruwan kilomitoci na hanyoyin da aka keɓe wa masu keke da masu tafiya a ƙasa, inda doka ta hana mota da babur bi. Mafi yawansu ba a zuba musu kwalta ba. Burji ne na yashi da ƙananan tsakuwa da aka daddaɓe, an shimfiɗa shi a kan tsofaffin layukan dogo da kuma gefen hanyoyin ruwa da aka haƙa tun ƙarni na 19. Hanyoyin sun haɗa garuruwan bakin teku irin su Roscoff, Saint-Malo da Concarneau da ƙauyukan cikin ƙasa, ta yadda mai keke zai yi kwanaki yana tafiya ba tare da ya yi gogayya da manyan motoci ba sai a mahaɗar hanya ko a tsakiyar gari.

Tsaron rai na cikin manyan dalilan da suka sa ake ba waɗannan hanyoyi muhimmanci. Alƙaluman hukumomin Faransa sun nuna cewa a shekarar 2022 masu keke fiye da 240 ne suka mutu a haɗurran hanya a ƙasar, kuma fiye da rabinsu a wajen gari ne ajali ya same su, a kan titunan karkara inda motoci ke gudu. Hanyar da aka raba da mota tana rage wannan haɗari ƙwarai, musamman ga yara, tsofaffi da baƙin da ba su saba da titunan ƙasar ba.

Mece ce voie verte?

Wanda zai bi waɗannan hanyoyi yana buƙatar ya bambance kalmomi uku na Faransanci da zai riƙa gani a alluna da taswira.

Ta farko ita ce voie verte, wato koriyar hanya. Dokar hanya ta Faransa ta amince da ita a shekarar 2004, a matsayin hanyar da aka keɓe wa abin hawa marar inji, masu tafiya a ƙasa da mahaya doki. Allonta shuɗi ne mai kusurwa huɗu, da hoton mutum da na mai keke. A 2022 an ɗan sassauta dokar, ta yadda hukuma za ta iya bai wa wasu motoci izinin bi a hankali, kamar na mutanen da gidajensu ko gonakinsu ke bakin hanyar.

Ta biyu ita ce véloroute. Wannan doguwar hanya ce da aka yi wa alamomi daga gari zuwa gari, wani ɓangarenta voie verte ne, wani kuma ƙaramin titi ne da ake rabawa da motoci. Saboda haka ganin sunan véloroute a taswira ba ya nufin babu mota gaba ɗaya.

Ta uku ita ce chemin de halage, hanyar gefen ruwa da dawaki ke bi a da suna jan jiragen dakon kaya da igiya. Yanzu galibinsu sun koma hanyoyin keke.

Gwamnatin Faransa ta fitar da tsarin ƙasa na waɗannan hanyoyi a 1998. Majalisun yankuna, na gundumomi da na garuruwa ne ke ginawa da kula da su, shi ya sa ingancin shimfiɗar yake sauyawa idan aka tsallaka daga wata gunduma zuwa wata.

Yankin da hanyoyin suka ratsa

Kada a haɗa Bretagne da ƙasar Birtaniya, ko da yake sunayen biyu tushensu ɗaya. Bretagne yanki ne na Faransa da ya kutsa cikin Tekun Atilantika, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 27,000 da mutane kimanin miliyan 3.4. Yana da gundumomi huɗu: Finistère, Côtes-d'Armor, Morbihan da Ille-et-Vilaine. Babban birninsa Rennes. Birnin Nantes a tarihi na Bretagne ne, amma a tsarin mulki na yanzu yana cikin yankin Pays de la Loire.

A harshen mutanen wurin, wato Breton, ana kiran gefen teku Armor, cikin ƙasa mai dazuzzuka kuma Argoat. Gaɓar tekun tana da tsawon kilomita kusan 2,700 saboda yawan lungu da saƙo da bakin koguna. Cikin ƙasa kuwa gonaki ne da makiyaya da aka kewaye da shingen itatuwa, da tuddai marasa tsayi. Ƙololuwar yankin, a tsaunukan Monts d'Arrée, ba ta wuce mita 385 ba. Sai dai ƙasar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, titunan mota hawa da gangara ne ba iyaka. Wannan ne ya sa tsohon layin dogo da gefen ruwa suka zama alheri ga mai keke, domin injiniyoyin da suka gina su sun riga sun sare tudu sun cike kwari.

Daga layin dogo zuwa hanyar keke

Kashin bayan hanyoyin yammacin yankin shi ne tsohon Réseau Breton, layin dogo mai faɗin mita ɗaya da ke da cibiya a garin Carhaix. Daga nan rassa biyar suka fita zuwa Morlaix, Guingamp da Paimpol, Loudéac, Rosporden, da kuma Châteaulin da Camaret. An buɗe reshen farko, na Morlaix zuwa Carhaix, a 1891, aka ci gaba da gini har 1925, jimillar tsawon layukan ta haura kilomita 400. Jiragen sun yi jigilar fasinjoji, dabbobi, taki da duwatsun rufin ɗaki, suka fitar da ƙauyukan tsakiyar Bretagne daga kaɗaici.

Da motocin dakon kaya da bas suka yawaita bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai layin ya daina biyan kansa. An rufe mafi yawansa a 1967. Reshen Carhaix zuwa Guingamp da Paimpol ne kawai ya rage yana aiki, bayan an mayar da shi faɗin layin dogo na gama-gari. An tumɓuke ƙarafan sauran, gundumomi suka karɓi filayen, daga baya aka mayar da su hanyoyin yawo da na keke. Har yau mai tafiya zai riƙa wuce ƙananan tashoshi da gidajen masu gadin mararraba. Wasu an mayar da su masauki ko wurin shan shayi, wasu kuma gidajen zama.

Tushe na biyu shi ne kanal ɗin Nantes zuwa Brest, wato hanyar ruwa da aka haƙa don haɗa koguna. A zamanin Napoleon na Ɗaya jiragen yaƙin Ingila kan toshe tashar Brest ta teku, sai aka yanke shawarar samar da hanyar kai kaya ta cikin ƙasa. An fara babban aikin a 1811, aka kammala a 1842. Tsawonsa kimanin kilomita 360 ne, yana bin koguna takwas, daga ciki akwai Erdre, Oust, Blavet da Aulne, kuma an gina masa ƙofofin ruwa fiye da 230. Ƙofar ruwa, wadda ake kira écluse, ɗaki ne mai ƙyaure biyu da ake cikawa ko a rage wa ruwa domin a ɗaga jirgi ko a sauke shi daga mataki zuwa mataki.

Aikin ya ci rayuka. A Glomel, inda kanal ɗin ya kai ƙololuwarsa ta mita 184, sojojin da aka yanke wa hukuncin aikin dole ne suka haƙa rami mai tsawon kilomita 3 da zurfin mita 23, daga 1823 zuwa 1832, da diga da shebur. Cututtuka sun kashe da yawa daga cikinsu. Kanal ɗin kuma bai daɗe yana cin kasuwarsa ba, domin jirgin ƙasa ya iso yankin shekaru kaɗan bayan kammala shi. Daga 1923 zuwa 1930 aka gina madatsar ruwa ta Guerlédan don samar da lantarki. Madatsar ta yanke kanal ɗin gida biyu, tafkinta ya haɗiye ƙofofin ruwa 17. Lokacin da aka janye ruwan tafkin a 2015 don duba lafiyar madatsar, tsofaffin ƙofofin da gidajen masu gadinsu sun sake bayyana, jama'a suka yi ta tururuwar kallo.

Daga Roscoff zuwa Concarneau

Wannan hanya, mai lamba V7 a tsarin yankin, ta ratsa Finistère daga tekun arewa zuwa na kudu a cikin kilomita kusan 150. Tana farawa a Roscoff, tashar jiragen ruwa da ke zuwa Plymouth a Ingila da kuma Cork a Ireland. An san Roscoff da jar albasa, kamar yadda aka san Galmi da tata. Tun 1828 manoman garin ke tsallaka teku suna tallar albasa gida-gida a Birtaniya, daga baya suka riƙa rataya damman albasar a kan keke. Turawan Ingila sun laƙaba musu suna Johnnies, kuma akwai gidan tarihinsu a garin.

Daga Roscoff zuwa Morlaix, kimanin kilomita 30, ƙananan tituna ne da ake rabawa da motoci, ta cikin gonakin kayan lambu na Saint-Pol-de-Léon. A Morlaix, garin da wata doguwar gadar jirgin ƙasa mai tsayin kusan mita 60 ta ratsa samansa tun farkon shekarun 1860, burjin ke farawa. Daga nan zuwa Carhaix kusan kilomita 50 ne a ƙarƙashin inuwar itatuwa. Ana hawa a hankali har gefen Monts d'Arrée, sannan a gangara ta tsohuwar tashar Scrignac da ƙauyen Poullaouen. Hawan ba ya tsanani, da wuya ya wuce mita 2 ko 3 a kowace mita 100, amma yana da tsawo. Garuruwan da ke da kanti sun yi nisa da juna a wannan ɓangare, don haka ana ɗaukar ruwa da guzuri tun daga Morlaix. Wanda ke da lokaci zai iya ratsewa zuwa Huelgoat, dajin da ke da manyan duwatsu jibge a kan juna.

Daga Carhaix hanyar tana tsallaka kanal a Port-de-Carhaix, ta haura tuddan Montagnes Noires zuwa Gourin, ta bi ta Scaër zuwa Rosporden, sannan ta sauka Concarneau, garin masunta mai tsohuwar ganuwa a tsakiyar ruwa.

Gefen kanal ɗin Nantes zuwa Brest

Wannan ita ce hanya mafi tsawo kuma mafi sauƙi. Tana cikin La Vélodyssée, hanyar da aka buɗe a 2012 wadda ta tashi daga Roscoff zuwa Hendaye a iyakar Sifaniya, tsawon fiye da kilomita 1,200. Ita kanta La Vélodyssée ɓangaren Faransa ce na EuroVelo 1, wadda ta taso daga arewacin Norway ta bi gaɓar Atilantika har Portugal. Daga Roscoff zuwa Nantes kusan kilomita 400 ne, kuma masu tafiya da kaya sukan yi su a cikin mako guda.

Daga Carhaix zuwa gabas ana bi ta ramin Glomel, a wuce kusa da Rostrenen, a isa Gouarec da tsohon gidan ibada na Bon-Repos da aka kafa a 1184. A nan tafkin Guerlédan ya tare gefen ruwa, sai hanyar ta hau tsohon layin dogo ta arewacin tafkin zuwa Mûr-de-Bretagne, ta sake gangarowa kogin Blavet zuwa Pontivy. Tsakanin Pontivy da Rohan akwai ƙofofin ruwa fiye da 50 a jere, nan ne kawai mai keke zai ji cewa kanal ma yana hawa tudu. A ƙololuwar wurin, Hilvern, wata siririyar magudana mai tsawon fiye da kilomita 60 ce a da ke kawo wa kanal ɗin ruwa daga tafkin Bosméléac. Ita ma gefenta hanyar keke ce, mai yawan lanƙwasa, a tsakanin layuka biyu na manyan itatuwa.

Bayan Rohan sai Josselin, inda fadar gidan sarautar Rohan ke tsaye a bakin kogin Oust, sai Malestroit, sai Redon inda kanal ɗin ya gitta kogin Vilaine. Daga Redon ana shiga Loire-Atlantique ta Blain har kusa da Nort-sur-Erdre, inda gefen ruwan ya ƙare. Sauran tafiyar zuwa Nantes ta ƙananan tituna ce da hanyoyin keke na gari. Ta ɓangaren yamma kuma, daga Port-de-Carhaix ana iya bin kogin Aulne ta Châteauneuf-du-Faou zuwa Châteaulin da Port-Launay. Shimfiɗar gefen kanal tana sauyawa: wani wuri burji mai laushi, wani wuri tsohuwar kwalta mai tsakuwa a sama.

Tsakiyar ƙasa da gabashin yankin

Hanya mai lamba V6 tana bin tsohon reshen gabas na Réseau Breton daga Carhaix ta Rostrenen, Mûr-de-Bretagne, Loudéac da Merdrignac zuwa Saint-Méen-le-Grand, fiye da kilomita 120, kusan duka burji. Ba ta da cunkoso kamar gefen kanal. Ƙarshenta mahaifar Louison Bobet ce, wanda ya lashe gasar Tour de France sau uku a jere daga 1953 zuwa 1955.

A gabas, hanyar da ta tashi daga Saint-Malo zuwa kudu tana amfani da tsohon layin dogo daga Dinard zuwa kusa da Dinan, sannan ta kama gefen kanal ɗin Ille-et-Rance zuwa Rennes. An haƙa wannan kanal daga 1804 zuwa 1832, tsawonsa kimanin kilomita 85 da ƙofofin ruwa 48. A Hédé-Bazouges ƙofofi 11 ne a jere cikin kilomita 2. Daga Rennes ana ci gaba a gefen kogin Vilaine zuwa Redon. Wannan ce hanya mafi sauƙi ga ɗalibai da ma'aikatan da ke zaune a Rennes, domin tana farawa daga tsakiyar birni, kuma a ɓangaren Vilaine jirgin ƙasa na bin kwarin, wanda ya gaji zai iya komawa gida ta tasha mafi kusa.

Bakin teku

A nan ne baƙi suka fi yin kuskure. Siririyar hanyar da ke bin gaɓar teku, wadda ake kira GR 34 ko hanyar ma'aikatan kwastan, tana da tsawon fiye da kilomita 2,000, amma ta masu tafiya a ƙasa ce. Dokar 1976 da ta ba jama'a damar ratsa filayen bakin teku ta taƙaita damar ga masu tafiya da ƙafa, kuma a mafi yawan wurare an hana keke. Tayar keke na zaizaye ƙasar gaɓa, kuma hanyar tana bin bakin dogayen duwatsu inda faɗuwa ke nufin mutuwa.

Hanyar keke ta gaɓar arewa ita ce La Vélomaritime, ɓangaren EuroVelo 4, wadda ta tashi daga Roscoff zuwa Dunkerque. Tana wuce duwatsun ruwan hoda na Perros-Guirec, Paimpol, Saint-Brieuc, Erquy, Cap Fréhel, Saint-Malo da Cancale kafin ta isa Mont-Saint-Michel. Galibinta ƙananan tituna ne da ake rabawa da motoci, kuma tana da hawa mai wuya duk inda aka tsallaka bakin kogi. Sassan da babu mota gajeru ne: wasu gadojin tsohon ƙaramin jirgin ƙasa na Côtes-d'Armor da injiniya Louis Harel de la Noë ya gina, kamar gadar Ponts-Neufs kusa da Hillion, da kuma hanyar da ke bin ganuwar tare ruwa a filayen da ke fuskantar Mont-Saint-Michel.

A kudu maso yamma akwai gajerun hanyoyin burji da suka dace da tafiyar yini guda: daga wajen Quimper zuwa Douarnenez, daga Pluguffan zuwa Pont-l'Abbé, da tsohon layin dogo na yankin Crozon mai kaiwa Camaret.

Abu biyu ake kiyayewa a bakin teku. Na farko cikowar ruwa: a yankin Saint-Malo bambancin cikowa da janyewar teku kan haura mita 12, kuma rairayin da ya bushe da safe zai iya nutsewa cikin sa'o'i kaɗan. Na biyu koren gansakuka da ke taruwa a wasu gaɓoɓi, musamman kusa da Saint-Brieuc da Lannion. Idan ta ruɓe tana fitar da iska mai guba da ta taɓa kashe dabbobi, don haka ba a taka tarin da ya yi farin ɓawo a sama.

Irin keken da ya dace

Keken burji, wanda kantuna ke sayarwa da sunan gravel, yana kama da keken tsere amma tayarsa ta fi kauri, galibi milimita 35 zuwa 45, kuma yana da wuraren ɗaura jaka. Ya samu karɓuwa a shekarun baya-bayan nan har hukumar tseren keke ta duniya ta shirya masa gasar duniya ta farko a Italiya a 2022. A Bretagne kuwa tsere a kan hanyar gona ya girmi wannan yayi. Tun 1984 ake gasar Tro Bro Léon a kewayen Lannilis, inda 'yan tsere ke bin hanyoyin ƙasa da tsakuwa da ake kira ribinoù.

Ba dole ba ne sai an mallaki irin wannan keke mai tsada. Keken gari mai giya da tayar da ta kai milimita 32 ya isa a lokacin rani. Siririyar tayar tsere ce ke wahala, domin tana nutsewa a burjin da ya jiƙe kuma tana yawan yin faci. Ana rage iskar taya kaɗan fiye da yadda ake yi a kwalta, don kada keken ya riƙa tsalle. Ƙurar burji idan ta haɗu da ruwa tana cin sarƙa da birki, sai a riƙa gogewa da sa mai kowace yamma. Kayan da ba a bari a gida su ne famfo, kayan faci, ƙaramin sifana, rigar ruwa, fitila da makulli. Mai tafiya da kaya yakan yi kilomita 12 zuwa 15 a sa'a a kan burji, wato kilomita 50 zuwa 70 a yini ba tare da gajiya mai yawa ba.

Dokoki

Dokar hanya tana aiki a kan voie verte kamar kowane titi. Ana bin hannun dama. Dole keke ya kasance da birki biyu, ƙararrawa da abubuwan ƙyalli, da fitilar gaba da ta baya idan dare ya yi. Tun 2017 hular kwano wajibi ce ga yaron da bai kai shekara 12 ba, ko shi ke tuƙi ko goya shi aka yi. Tun 2015 an hana sa na'urar sauraro a kunne yayin tuƙi. Da dare a wajen gari dole a sa riga mai ƙyalli. Keke mai batir yana da izinin bi matuƙar ƙarfin injinsa bai wuce wat 250 ba, kuma taimakonsa na yankewa a gudun kilomita 25 a sa'a. Wanda ya fi haka doka na ɗaukarsa a matsayin babur.

A mahaɗar voie verte da titin mota, galibi mai keke ne ke tsayawa. Ana rage gudu a kusa da masu tafiya a ƙasa, a buga ƙararrawa tun daga nesa, a yi hattara da dawaki da sandunan masu kamun kifi a gefen kanal. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Yanayi da lokacin tafiya

Iskar teku ce ke mulkin yankin. Sanyi ba ya tsanani, zafi ma haka, amma ruwa na iya sauka a kowane wata. Brest na samun kimanin milimita 1,200 a shekara, Rennes kuwa kusan 700. Iska ta fi kaɗawa daga yamma, shi ya sa tafiya daga yamma zuwa gabas ta fi sauƙi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Mayu zuwa Satumba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a yammacin yankin sai bayan ƙarfe 10 na dare. Yuli da Agusta lokacin hutu ne, masauki na cika da wuri.

Daga Nuwamba zuwa Maris burjin na yin taɓo, koguna na ambaliya su rufe gefen kanal. A Nuwamban 2023 guguwar Ciaran, wadda gudunta ya kai kilomita 207 a sa'a a Pointe du Raz, ta kayar da itatuwa masu ɗimbin yawa, aka rufe wasu hanyoyin Finistère na tsawon lokaci. A Janairun 2025 ambaliyar Vilaine ta mamaye sassan Rennes da Redon. Daga Satumba zuwa ƙarshen Fabrairu kuma lokacin farauta ne, ana kafa alluna a bakin daji. A cikin ciyawa akwai kaska mai ɗauke da cutar Lyme, don haka ana duba jiki bayan kowace tafiya.

Sufuri, masauki da abinci

Jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum daga Paris zuwa Rennes cikin kimanin sa'a ɗaya da rabi tun 2017, kuma yana tsayawa a Saint-Malo, Saint-Brieuc, Morlaix, Redon da Quimper. A cikinsa sai an kama wa keke wuri an biya, ko a kwance shi a sa a jaka. Jiragen yankin, na BreizhGo, suna ɗaukar keke, amma a watannin hutu sai an yi rajista tun kafin ranar tafiya.

Alamar Accueil Vélo da ake gani a ƙofar otal, sansanin tanti ko gidan baƙi tana nufin wurin bai fi kilomita 5 daga hanyar keke ba, kuma yana da amintaccen wurin ajiye keke da kayan gyara. A ƙauyuka kantuna kan rufe da tsakar rana, da yammacin Lahadi, wasu har ranar Litinin. Abincin da aka fi sani da yankin shi ne galette, wata faffaɗar waina ta garin sarrasin. Sau da yawa ana sa mata naman alade, ana kuma haɗa ta da cidre, ruwan tuffa mai sa maye. Wanda ba ya ci zai iya neman ta ƙwai da cuku ko ta kifi, kuma ba a ɗaukar tambayar a matsayin rashin ladabi.

Abubuwan da ake muhawara a kai

Akwai saɓani kan shimfiɗa. Masu goyon bayan burji na cewa ya fi dacewa da daji, yana rage gudun masu keke, kuma dawaki da masu gudun motsa jiki sun fi jin daɗinsa. Ƙungiyoyin masu zuwa aiki da keke da na masu keken guragu kuwa na cewa burji na lalacewa da ruwa, yana buƙatar gyara akai-akai, kuma yana hana amfani da hanyar a lokacin sanyi. Saboda haka wasu hanyoyin, kamar ta Mauron zuwa Questembert mai tsawon kilomita 53, kwalta aka zuba musu.

Saɓani na biyu ya fi zafi: shin layin dogon da ya daina aiki a mayar da shi hanyar keke, ko a gyara shi jirgi ya dawo? Layin Morlaix zuwa Roscoff ya tsaya tun Yunin 2018, bayan ruwan sama mai ƙarfi ya zaizaye ƙasan ƙarafansa. Wasu sun ba da shawarar a yi hanyar keke a kansa, tunda wannan ɓangare na La Vélodyssée ana raba shi da motoci. Ƙungiyoyin masu kare jirgin ƙasa sun ƙi, suna cewa layin da aka tumɓuke ƙarafansa da wuya ya sake ganin jirgi. Tarihin Réseau Breton yana goyon bayan ɓangarorin biyu: babu reshe ko ɗaya da aka tumɓuke bayan 1967 da jirgin sufuri na yau da kullum ya koma bi, amma kuma inda gundumomi suka riƙe filin layin bai tarwatse a hannun masu saye ba, nan ne a yau ake da hanyar da yaro ɗan shekara goma zai tuƙa keke daga Morlaix zuwa Carhaix iyayensa na biye da shi.